Da Tsohuwar Zuma: Gwanintar Masu Sabunta Wasannin Gem na Dauri

A shekarar 1978, wani injiniya a kamfanin Taito na ƙasar Japan, Tomohiro Nishikado, ya fitar da wasan da duniya ta sani da suna Space Invaders. Dodanni 55 ne a jere a saman allo, sahu 5, kowane sahu 11, suna tafiyar ƙaguwa daga wannan gefe zuwa wancan, suna saukowa kaɗan-kaɗan. Mai wasa yana can ƙasa da 'yar bindigarsa yana harbi. Na'urar da Nishikado ya haɗa da hannunsa ba ta da ƙarfin a zo a gani, dodo ɗaya take iya matsarwa kafin ta koma kan na gaba. Saboda haka idan rundunar tana cike, tafiyarta ta hawainiya ce. Da ka fara kashe su, sai aiki ya ragu wa na'urar, sauran su ƙara sauri. Na ƙarshen da ya rage yakan zuba gudu kamar an ɗaura masa wuta a wutsiya, kiɗan da ke ƙarƙashin wasan kuma, sauti huɗu masu maimaita kansu kamar bugun zuciya, yana ta hawa tare da shi. Nishikado ya lura da wannan hali na na'urarsa, ya ga ya ƙara wa wasan armashi, ya bar shi a haka.

To, a ce yau wani ya tashi sabunta wasan nan a wayar hannu, wadda ta ninka waccan na'ura ƙarfi sau dubbai. Ya zana dodannin da kyau, ya ba su launi, ya jera su 55 cif. Wayar za ta matsar da su duka a tare ba tare da ta ji nauyi ba, gudunsu ɗaya daga farko har ƙarshe. Ido zai ce wannan Space Invaders ne, amma zuciya ba za ta buga ba, tafin hannu ba zai yi gumi ba. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya san aikin shi ne zai gane cewa saurin nan da gazawar na'ura ta haifar shi ne ran wasan, ya zauna ya auna shi, ya rubuta shi da gangan. Wannan gane abin da ido ba ya gani, da sanin abin da za a taɓa da wanda za a bari, ita ce gwanintar da ta daɗe tana burge ni.

Akwatin da ke cin tsaba

Mu abin da muka fi sani shi ne gidan gem na unguwa, inda yara da samari ke biya su zauna gaban talabijin su buga ƙwallo a PlayStation. Wasannin da nake magana a kansu sun girmi wannan. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980, a Japan da Amurka da Turai, kowane wasa akwatinsa ne da shi, doguwar ma'ajiyar katako mai tsayin mutum, da allo a ciki, da sandar tuƙi da maɓallai a gaba, da ramin jefa tsabar kuɗi. A tsaye ake bugawa, mutane na bayanka suna kallo suna jiran layi. A Japan tsabar yen 100 ake jefawa, a Amurka kwatar dala.

Wannan ramin tsabar shi ya tsara komai. Dole wasa ya zama wanda za a gane cikin ƙiftawar ido, don mai wucewa ya tsaya. Dole kuma ya yi tsanani da wuri, don mai akwati ya sami ciniki, na baya ya sami shiga. Sannan dole wanda aka kashe ya ji cewa laifinsa ne, cewa da ya ɗan karkata hagu da ya tsira, don ya sake laluba aljihu. Masu ƙirar wancan zamani sun cim ma waɗannan abubuwa uku da kayan aiki ƙalilan. Dukkan umarnin da ke tafiyar da wasan Pac-Man kilobayit 16 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ba. Wuri ya yi ƙaranci har babu inda za a ajiye abin banza, kowane layi yana da aikin da yake yi. Shi ya sa sabunta irin waɗannan wasanni yake da haɗari: duk abin da ka zare, akwai abin da ke jingine da shi.

Fatalwa huɗu, hali huɗu

Matakin farko na wannan sana'a shi ne zama a gaban tsohon wasa kamar almajiri gaban malami. Pac-Man, wanda Toru Iwatani da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Namco a 1980, ya ishe mu misali. A ido, abu ne mai sauƙi: wani zagayayyen baki ruwan ɗorawa yana bin lunguna yana cin ƙwayoyi 240 da manyan ƙwayoyi 4, fatalwowi huɗu suna bin sa. Mai kallo zai ɗauka dukkansu bin sa kawai suke yi. Da haka ne, da sun jeru a bayansa kamar 'yan agwagi, wasan ya mutu.

An raba filin wasan gida-gida kamar ramukan dara, kuma kowace fatalwa gidan da take nufa daban. Ja, mai suna Blinky, kai tsaye take nufar gidan da Pac-Man yake. Pinky, mai ruwan hoda, tana nufar gida huɗu a gabansa, wato tare hanya take yi. Inky, mai ruwan sararin samaniya, lissafinta ya fi zurfi: tana duban gida biyu a gaban Pac-Man, ta ja layi daga inda ja take zuwa wurin, ta ninka tsawon layin, ƙarshensa shi ne wurin da take nufa, don haka motsinta yake da wuyar kintata. Clyde, mai ruwan lemo, tana bin ka daga nesa, amma da ta matso kusa da gida takwas sai ta juya ta nufi kusurwarta. Bayan haka kuma, farmakin zuwa yake yana tafiya kamar igiyar ruwa. A matakin farko sukan watse zuwa kusurwoyinsu na wajen daƙiƙa 7, su dawo su yi farauta na wajen daƙiƙa 20, su sake watsewa. Iwatani ya fahimci cewa mutum ba ya jure kora marar yankewa, sai an bar shi ya numfasa kafin a sake matsa masa.

Akwai ƙananan abubuwa da hannu ke ji alhali baki ba zai iya faɗa ba. Pac-Man yana ɗan rage gudu idan yana cin ƙwaya, don haka lungun da aka riga aka share ya fi saurin bi. Fatalwowi suna rage gudu a cikin ramin da ke haɗa gefen hagu da na dama. Idan ka karkata sandar kafin ka isa kwana, Pac-Man yana yanke kwanar ya ɗan sami tazara, su kuma fatalwowi sai sun kai tsakiyar gida suke juyawa. Da wannan 'yar tazara gwanaye suke tsira. Har kuskure akwai a ciki: idan Pac-Man yana fuskantar sama, wata tangarɗar lissafi takan sa Pinky ta nufi gida huɗu sama da kuma gida huɗu hagu. Hanyoyin da gwanaye suka haddace shekara da shekaru an gina su ne a kan wannan kuskure. Mai sabuntawa da ya gan shi ya ce bari ya gyara, ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Ba a san waɗannan abubuwa da hasashe ba. Mutane ne suka kwance rubutun umarnin layi-layi, suka gwada, suka rubuta abin da suka gani. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi kayan cikin tsofaffin akwatunan, don kada wasannin su ɓace idan na'urorinsu sun ruɓe. Masu sa-kai daga ƙasashe da dama sun ci gaba da aikin har yau, kuma dubban wasanni sun tsira ta dalilinsa.

Abin da ke tsakanin yatsa da ido

Mataki na biyu shi ne lokaci. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana zana hoto wajen sau 60 a daƙiƙa, kuma da ka taɓa maɓalli kusan nan take abin ya bayyana. Talabijin ta zamani takan riƙe hoton ta ɗan yi masa kwalliya kafin ta nuna, hannun gem marar waya ma yana da nasa jinkirin. Duka-duka abin bai kai ƙiftawar ido ba, amma wasan da aka gina a kan kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa yana jin sa kamar tafiya cikin taɓo. Masu kula sukan ɗauki yatsa da allo a tare da kyamara mai saurin ɗauka, su ƙirga hotuna nawa suka wuce tsakanin taɓawa da motsi, su yi ta rage su.

Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991, yana nuna yadda abin yake da laushi. A cikinsa, idan lokaci ya yi daidai, ana iya katse ƙarshen wani duka a ɗora wani a kai kafin abokin karawa ya farfaɗo. Masu ƙirar ba su tsara haka tun farko ba, sun lura da shi suka bari, sai ga shi ya zama ginshiƙin wasannin dambe da suka biyo baya. Haka nan kowane ɗan wasa a cikinsa yana ɗauke da wasu akwatuna da ba a gani, su ne ke yanke hukunci ko naushi ya samu ko ya kuskure. Da aka sake zana wasan da manyan hotuna masu kyau a 2008, masu zanen kamfanin Udon sai da suka bi tsayuwar kowane tsohon hoto, don ƙafar da ido ke gani ta dace da akwatin da ke ɓoye. Mai zane a nan ba shi da 'yancin miƙa hannun jarumi yadda ya ga dama, domin 'yan wasa sun san tsawon hannun nan kamar yadda suka san nasu.

Babu inda na ga an girmama wannan ƙa'ida kamar a Wonder Boy: The Dragon's Trap. Asalin jerin wasannin a akwatunan tsaba ya fara, amma wannan kashin a na'urar gida ta Sega Master System ya fito a 1989. Wani ƙaramin kamfani a birnin Paris, Lizardcube, ya sabunta shi a 2017. Omar Cornut ya kwance tsohon umarnin ya ciro lambobin da ke bayan kowane tsalle da kowane saran takobi, Ben Fiquet kuma ya sake zana komai da hannu, kamar littafin tatsuniya mai motsi. Sannan suka sa maɓalli ɗaya: kana tsakiyar tsalle ka taɓa shi, sai hoton ya koma na 1989, ka sake taɓawa ya dawo na yau, jarumin kuma ya sauka a daidai wurin da zai sauka. Har kalmomin sirri da yara suka rubuta a takarda a wancan lokaci don ajiye wasansu suna aiki a sabon. Wanda ya sa irin wannan maɓalli ya tabbata da aikinsa, domin ya ba kowa ma'aunin da zai kama shi da shi idan ya yi ha'inci.

Minti biyar

Duk wannan kiyayewa ce. Akwai mataki na uku da ya fi shi wuya, wato ƙarfin zuciyar canzawa. Tsohon Pac-Man a ɗakin mutum yana da matsala guda: babu tsaba, babu layi a bayanka. Idan an kashe ka, ba ka yi asarar komai ba. Gwani kuma zai iya shafe sa'o'i yana maimaita hanya ɗaya da ya haddace, har ya kai mataki na 256, inda ma'ajiyar ƙirga ta cika ta tumbatsa, rabin allo na dama ya rikiɗe ya zama tarkacen haruffa da lambobi, wasan ya tsaya. Mafi girman makin da za a iya samu 3,333,360 ne, kuma an kai shi. Rijiyar ta zo ƙarshe.

A 2007 aka fitar da Pac-Man Championship Edition a na'urar Xbox 360, Iwatani da kansa yana cikin aikin, Tadashi Iguchi yana jagorantar ƙira. Shi ne wasan ƙarshe da Iwatani ya yi a kamfanin kafin ya koma koyarwa a jami'a a Tokyo. Abin da suka yi ya nuna sun san wasan har ɓargo. Sun cire tsaba suka sa agogo a madadinta: minti biyar ne da kai, ka tara makin da za ka iya. Matsin da aljihu ke yi a da, yanzu agogo ke yin sa. Mutuwa ta koma asarar lokaci da asarar darajar maki, domin ƙwaya tana ƙara daraja muddin kana ci ba a kama ka ba.

Sun kwantar da filin ya bi faɗin talabijin na zamani, suka raba shi gida biyu. Idan ka cinye ƙwayoyin hagu, sai ɗan itace ya bayyana a dama. Ka je ka ci shi, sai ɓangaren hagu ya sake sabon zubi, da sabbin lunguna da sabbin ƙwayoyi. Da wannan dabara ɗaya suka kashe tsayawar da ake yi tsakanin mataki da mataki, wasan ya zama saƙa, kana kai da komowa kamar ƙoshiya a hannun masaƙi, gudu yana ƙaruwa, kiɗa yana hawa zuwa daƙiƙun ƙarshe. Dabarar yanke kwana kuwa, wadda a da gwanaye kaɗai suka sani, sai suka fito da ita fili: idan ka karkata sandar kafin kwana, tartsatsin wuta yana tashi daga jikin bango. Babu rubutun da ya koya maka, tartsatsin ne ke gaya maka ka yi daidai. A wurina wannan shi ne ƙololuwar gwanintar, a ɗauko sirrin da ke binne tun 1980 a mayar da shi abin da yaro zai gano da kansa cikin minti ɗaya.

Tsohon akwati yana nuna maki mafi girma a saman allo don na baya ya yi ƙoƙarin karya shi. Sabon ya mayar da wannan jerin gwanaye na intanet, inda kake ganin makin abokinka a saman naka. Minti biyar kuma gajere ne, har za ka ce bari in sake sau ɗaya kawai, wadda ita ce maganar da tsabar yen 100 take sa mutum ya faɗa. A 2010 suka ƙara fitar da wani mai suna DX, inda fatalwowi ke barci a gefen hanya, ka wuce su farka su bi ka, har su zama dogon ayari, sannan ka ci babbar ƙwaya ka juyo ka cinye su a jere.

Hanyoyi da yawa, ma'auni ɗaya

Wasu sun bi nasu salon. Jeff Minter na Birtaniya ya ɗauki Tempest, wanda Dave Theurer ya yi wa Atari a 1981, ya fitar da Tempest 2000 a 1994. Ya bar ramin da abokan gaba ke hawowa daga cikinsa kamar yadda yake, ya ƙara tsalle da makamai da kiɗa mai zafi da ruwan launuka, har wasan ya zama abin da aka fi tunawa da na'urar Jaguar, wadda ya fito a kanta, da shi. Taito ta yi bikin cika shekara 30 na dodanninta da Space Invaders Extreme a 2008, inda kowane harbi yake faɗawa cikin kiɗa, wato an ɗauki bugun zuciyar nan na Nishikado an gina waƙa a kansa. A 2015 kuma kamfanin Hipster Whale na Ostareliya ya yi Pac-Man 256 na wayar hannu, ya ɗauko tarkacen mataki na 256 ya mayar da shi ambaliya mai tasowa daga ƙasan allo tana bin ka. Kuskuren da ya kashe tsohon wasa ya zama abin da ke kora sabo gaba.

Waɗannan ayyuka ba su yi kama da juna ba, amma tambaya ɗaya masu su suka yi kafin su taɓa komai: mene ne abin da ke sa mutum ya riƙe numfashi a wasan nan? Maginin gargajiya da ke sabunta yaɓen soro kafin damina ya san inda azara take. Zai kankare, ya shafe, ya fitar da sabon zane a fuskar gida, amma ba zai taɓa abin da ke ɗauke da rufi ba. Wanda bai san azara ba, ko dai tsoro ya hana shi taɓa komai gida ya zube a hankali, ko ya rushe abin da bai kamata ba garin neman ado.

Ina girmama masu wannan sana'a domin aikinsu yana buƙatar hali biyu da ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba: tawali'un zama shekaru ana nazarin aikin wani, da ƙarfin halin cewa nan wurin lokaci ya wuce shi. Kuma idan sun yi nasara, yabon yakan koma ga tsohon wasan, mai bugawa ya ce ashe haka Pac-Man yake da daɗi, bai san hannu nawa suka gyara masa hanya ba.

Idan ka ci karo da sabon zubin wani tsohon wasa, a waya ko a gidan gem, kada launi ya yanke maka hukunci. Ka ba shi minti biyar. Ka lura da kwana, ko jarumin yana juyawa a lokacin da yatsanka ya ce ya juya. Ka lura da abokan gaba, ko kowanne yana da halinsa. Idan kuma wasan dodanni ne, ka kashe 54 ka bar ɗaya, ka ga yadda zai yi. In ya zuba da gudu har ka ji ƙirjinka ya amsa, to wani ya zauna ya auna gazawar wata na'ura ta 1978, ya rubuta ta da hannunsa saboda kai.